Tsallaken Dela

A zamanin En'e, lokacin da yaran hakimin Roni ke zagaya ƙauyuka a kan dawaki, akwai wani ƙauyen Maguzawa a bayan duwatsu da ake ce wa Kafin Ranau. Gidajen ba su da yawa, amma garin a rabe yake biyu. Tun da 'yan mishan suka zauna a Roni wasu suka karɓi addinin Kirista, suka gina 'yar majami'ar ƙasa mai rufin ciyawa a gefen gari. Sauran suka ce abin da iyayensu suka bar musu ya ishe su. Rijiya ɗaya ake sha, gayya ɗaya ake yi, amma kowane ɓangare ya zuba ido yana jiran ɗayan ya yi tuntuɓe.

Tasalla tana cikin masu zuwa majami'a. Mijinta ya mutu, ba ta sake aure ba, ta ci gaba da zama a sashinta cikin gidan wan mijin, Nomau, wanda shi ne babba a gidan kuma bai taɓa leƙa majami'a ba. Sana'arta daddawa. Duk miyar da aka kaɗa a Kafin Ranau, in ba daddawar Tasalla ce a ciki ba, to ta Saude ce.

Ita Saude tsohuwa ce mai zama ita kaɗai a gabashin gari, ba miji, ba ɗa, ba jika. Ba sa ga maciji da Tasalla, kuma kowa ya san dalili: wata ɗorawa ce a kan iyakar gonakinsu. Kowace bazara in 'ya'yanta suka nuna, har bakin rijiya ake jiyo su. Saude ta taɓa ce wa Tasalla ta sayar da kakanninta a kan sabulun Bature. Tasalla ta ce mata gara wadda ta sayar, da wadda in ta mutu ba mai tuna an yi ta.

A cikin wata damina Dela ta kwanta ciwo. Dela 'yar Nomau ce, mace ɗaya bayan maza, kuma ya fi son ta da idonsa. Ta zo gida goyon ciki, ta haihu lafiya, ana cikin wankan jego zazzaɓi ya kayar da ita. Jiki kamar garwashi, ta kasa ko shayar da jaririyar, ta shiga sambatu. A cikin sambatun sunan da take ta kira shi ne, "Inna Tasalla, Inna Tasalla."

To, Tasalla ce ke dama mata kunun kanwa safe da yamma, ita ke tallafe mata kai ta sha. Wanda zafi ya ɗauke wa hankali wa zai kira, in ba mai ba shi abin sha ba? Amma matan gidan ba haka suka ji abin ba. An gada tun kaka da kakanni cewa wanda maye ya kama, sunan mayen yake kira. Ba wadda ta tsaya tambayar ko wa ya fara faɗin haka.

Ran kasuwar Gwiwa Nomau ya ɗaura wa jakinsa akumari ya tafi wajen Lauwali mai duba. Lauwali ba ya taɓa yashin da ke faifansa sai ya gaisa da mutum doguwar gaisuwa: ina gida, su wa ke gidan, wa ya mutu, wa ya rage, me ake sana'antawa. Sai da Nomau ya zazzage masa Kafin Ranau kaf, sannan ya baje yashi, ya dangwala yatsu, ya share, ya sake dangwalawa.

Ya ce, "An kama mata kurwa. Mace ce, ba ta da miji. Aikinta tukunya da wuta, hannunta akwai wari. Akwai wani itace da take rigima a kansa."

Nomau ya ce, "Tasalla."

"Kai ka faɗa, maigida. Ƙasa ba ta kama suna."

Ya ce magani ɗaya ne. A fito da yarinyar ƙofar gida, mayyar ta tuɓe zanenta a gaban jama'a, ta tsallake ta, ta saki kurwar. Ya ce shi da kansa zai zo ya tsaya a kai, a tanadar masa akuya.

Duk wanda ya zauna ya yi tunani zai ga tarkon da ke cikin tsallake. In Tasalla ta tsallaka Dela ta warke, ai ga shi mayya ta saki. In ta mutu, ta riga ta cinye. In kuma ta ƙi tsallakawa, mai gaskiya me zai sa ya ƙi? Kuma sunan mayya ba ya tsayawa a kan mace ɗaya. Ba mai sake cin abin da ya fito daga hannunta. Tun da an ce a nono ake shan maita, 'yar Tasalla da ke aure a wajen Babura ma sai dai ta ga an ɗauro mata kayanta an koro ta.

Kafin rana ta faɗi labari ya gama gari. Washegari ba wadda ta aiko sayen daddawa. Da Tasalla ta je rijiya, mata suka riƙa janye 'ya'yansu suna ɓoye su a bayan zane.

Da la'asar tana tsakar gida tana wanke kalwa, sai ga Dattijo Ishaya. Shi ke jan sujada a majami'a duk Lahadin da mai bishara bai zo daga Roni ba. Kafin ya tuba sunansa Jatau, kuma shi ke kaɗa garaya a wajen bori. Tun da ya fasa garayar ba wanda ya kai shi zafi a kan masu duba. Kusan kowace Lahadi sai ya maimaita cewa mai bugun ƙasa da mai tambayar matattu da mai zuwa wajensu duk abin ƙyama ne a gaban Allah, haka kuma wanda ya ce Allah ya aiko shi da magana alhali ba a aike shi ba. Tasalla ta koyi karatu a ajin mata, ta duba da idonta ta ga haka abin yake a rubuce.

Ya tsuguna nesa da kwaryar, yana toshe hanci da gefen rigarsa.

"'Yar'uwa, kada ki tsallaka."

"Da ma ban ce zan tuɓe wa Nomau zane ba, Dattijo."

"In kika tsallaka kin zubar da mu duka. Za su ce majami'a matattarar mayu ce."

"In na ƙi ma haka za su ce. Sai me?"

Ya waiga, ya rage murya. "Kin ji abin da mutumin Gwiwa ya faɗa? Ba miji, tukunya da wuta, hannu da wari, rigima a kan itace. Ke kaɗai ce haka a garin nan?"

Tasalla ta tsayar da hannunta a cikin ruwan. "Saude."

"Ni ban kama suna ba."

"Haka Lauwali ma ya ce."

Ishaya ya haɗiye wannan. Ya ce, "Gobe in an taru, zan tashi in ce an nuna mini a cikin addu'a. Su da kansu za su ga maganar mai dubansu ta fi dacewa da ita."

"An nuna maka ɗin?"

"Na yi tunani mai zurfi, zuciyata kuma ta natsu."

"Ba shi na tambaye ka ba."

"Ke dai kin cika gardama. Tsohuwar nan wa take da shi? Ba ta da 'yar da za a koro. Ke kina da 'ya a Babura, kina da jikoki. Ba a ce ki yi ƙarya ba. Abin da ake so a gare ki, ki yi shiru."

Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya fita. Tasalla ta ci gaba da murza kalwa. Kada wani ya zaci tausayin Saude ne ya fara zo mata. Ɗorawar ce ta fara zo mata, ɗungurungum, babu mai sake ɗaga mata murya a gindinta.

Da hantsi aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin ceɗiyar ƙofar gidan Nomau, aka fito da Dela aka kwantar. Ta rame, leɓɓanta sun bushe, idonta a rufe. Lauwali ya zauna a kan buzunsa, akuyar tana ɗaure a bayansa. Gari duka ya fito, masu majami'a a gefe guda. Saude, duk da ciwon gwiwarta, ta dogaro sanda ta zo ta sami wuri a gaba.

Da ta ga Tasalla ta fito, sai ta ce yadda kowa zai ji, "Yau dai za mu ga abin da sabulun Bature ya wanke da wanda ya bari."

Nomau ya miƙe. Idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Tasalla, tun da ƙanena ya mutu ban taɓa rufe miki rumbu ba. Ki sakar mini 'ya."

"Yaya, ni na yanke wa Dela cibi. A bayana ta yi wayo."

"Shi ya sa kika san inda za ki kama. Tuɓe ki tsallaka."

A nan Ishaya ya fito tsakiya. Ya rufe ido, ya ɗaga hannu sama, muryarsa ta ɗauki rawa. Tsofaffin da suka san shi yana Jatau sun gane rawar nan, don ba yau suka fara jin ta ba.

"Mutanen Kafin Ranau! Ina durƙushe ina addu'a aka buɗe mini ido. Na ga kurwar yarinyar nan a cikin tukunya, an kife ta da murfi. Tukunyar ba a gidan nan take ba. Tana gabas, a ɗakin da ba kukan yaro!"

Sannan kawuna suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya, har suka tsaya a kan Saude. Wata ta ce, "Ai kuwa ba ta da miji." Wata ta ce, "Ga warin daddawa, ga ɗorawa."

Lauwali bai ɓata lokaci ba. Ya gyara zama ya ce, "Ai na gaya wa maigida, ƙasa ba ta kama suna. Gabas ɗin ma na gan shi."

'Ya'yan Nomau biyu suka cafki tsohuwar, sandarta ta faɗi. Ɗaya ya kama bakin zanenta. Saude ta ƙanƙame shi da hannu biyu tana zagin su da ubansu da kakan ubansu, muryarta tana karyewa. Ba wanda ya motsa don ita. Masu majami'a suka sunkuyar da kai, wasunsu da alamar an sauke musu kaya.

Tasalla tana tsaye, ba mai ko kallon ta. Shiru kawai aka ce ta yi. Ta dubi hannuwan Saude a kan zanen, baƙaƙe, duk sun tsattsage da ruwan kalwa, sak irin nata.

Ta ce, "Ƙarya ne."

Ba ta ɗaga murya sosai ba, sai da ta maimaita. "Na ce ƙarya ne. Ku sake ta. Ba abin da aka nuna masa. Jiya da la'asar a tsakar gidana ya tsuguna ya ƙulla wannan magana, yana toshe hanci. Daga bakin Lauwali ya tsinci kayansa, ya juya su gabas."

Ishaya ya buɗe ido. Rawar ta ɓace daga muryarsa. "Shaiɗan ne ya shiga bakinki, mace! Ceton ki nake yi!"

"Da wuyan wata? Kai ka koya mana, Dattijo. Wace Lahadi ce ba ka ce mai zana ƙasa da mai cewa an aiko shi ba a aike shi ba, hukuncinsu ɗaya? Shi wannan ko ba komai yashi ya ɗora wa ƙaryarsa. Kai Allah ka ɗora wa."

Saude, tana haki tana gyara zane, ta ce, "Ban roƙe ki ba, 'yar sabulu."

"Rufe mini baki. Ba don kyanki na yi ba."

Nomau ya daka tsawa. "'Yata tana mutuwa kuna mini gardamar littafi! Ko ke ko ita, yau ɗaya za ta tsallaka, ko in sa a tuɓe ku duka biyu!"

Tasalla ta matso kusa da shi, ta russuna kamar yadda ta saba. "Yaya, 'yarka kake nema ko mayya?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Ni ban yarda tsallake na warkar da ko kaza ba, kuma ba zan ɓoye maka ba. Amma kai ka yarda. Mai ƙasar ya ce ƙasarsa ba ta kama suna ba. Jiya ni ce, ɗazu Saude, wa ya san gobe? To kowa ya tsallaka. Mace da namiji, mai majami'a da marar ita, duk wanda ke tsaye a nan. In akwai mai riƙe da kurwa, ai yana ciki. Ka sami 'yarka."

Lauwali ya zabura. "Ba haka ake yi ba! Mutum ɗaya ke tsallakawa, kuma sai an tuɓe."

Tasalla ta ce, "To fara, kai ne masani. Tuɓe ka nuna mana yadda ake yi."

Wani saurayi ya tuntsire da dariya, uwarsa ta make shi. Nomau bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon Dela, yana kallon yadda ƙirjinta ke ɗagawa da ƙyar. Sannan ya tattare rigarsa, ya ɗaga ƙafa ya tsallake 'yarsa. Ya juyo ya nuna 'ya'yansa maza. "Ku biyo."

Haka aka yi ta bi, da kaya a jiki, don tun da maigida bai tuɓe ba wa zai ce wani ya tuɓe? Matan gida, maƙwabta, samari, har makahon gari aka ja masa hannu. Da aka zo kan masu majami'a suka tsaya suna kallon Ishaya.

Ya ce, "Mu ba ma sa ƙafa a aikin duhu."

Nomau ya ce, "Wanda ya ƙi, shi ne. Haka muka gada, kai ma ka sani, Jatau."

Ishaya ya dubi fuskokin da ɗazu ya juya wa Saude, ya ga yanzu shi suke kallo. Ya tsallaka. Jama'arsa suka bi. Lauwali ya ce shi baƙo ne, Nomau ya ce baƙon ma ƙafa gare shi. Ya tsallaka yana gunaguni.

Saura mata biyu. Gwiwar Saude ba ta ɗaguwa, ba kuma mai son taɓa ta. Tasalla ta kama mata dantse.

"Kada ki kayar da ni, don na san halinki."

"In zan kayar da ke a gindin ɗorawa zan yi, inda ba shaida. Ɗaga ƙafa."

Suka tsallaka tare. Tasalla ta saki dantsen, ta juya wajen Nomau. "Yaya, an yi naku. Yanzu a kawo jaki a kai ta ɗakin magani a Roni, tun rana ba ta yi zafi ba."

Da jiya ne ta faɗi haka, da ya ce so take ta kai yarinyar inda za a ƙarasa ta. Yau ba abin da ya rage masa na gwadawa. Aka ɗora Dela, Tasalla ta goya jaririyar, suka bi hanyar cikin duwatsu.

Dela ta sha allura, ta daɗe a kwance, amma ta tashi. Kafin a yanke gero tana zaune a tsakar gida tana ba da nono. Lauwali ya riƙa faɗa a kasuwar Gwiwa cewa ƙasarsa ba ta taɓa ƙarya ba, mayyar tana cikin waɗanda suka tsallaka. Nomau ya yarda da haka har ya mutu, sai dai bai san wa zai nuna ba, tun da shi ya fara ɗaga ƙafa. Mata suka yi 'yan kwanaki suna kaɗa miya lami, mazansu suka yi tsaki, aka koma aike wajen Tasalla da Saude. Ba wanda ya koro kowa daga Babura.

Sai dai maganar ta kai kunnen Malam Istifanus, mai bisharar da ke zuwa daga Roni a kan keke. Ya tara ikilisiya, ya saurari kowa. Ya ce Ishaya ya ɗora wa Allah maganar da bai faɗa ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne, ya sauka daga jan sujada. Sannan ya juyo kan Tasalla. Ya ce ita kuma ta ja jama'ar Allah sun sa ƙafa a cikin abin da mai duba ya umarta.

Ta ce, "Malam, da na bar su sun tuɓe tsohuwar fa?"

"Da kin tsaya a kan cewa ƙarya ne, ya isa."

"Ya ishe ka, kai da kake Roni."

Wannan amsa ba ta rage mata komai ba. Aka sa su duka biyu a ƙarƙashin horo har bayan girbi: ba cin jibin Ubangiji, ba zama cikin jama'a, sai a dakalin baya kusa da ƙofa. Da ma dakalin horo ɗaya ne a majami'ar, kuma gajere, don wanda ya gina shi bai zaci mutum biyu za su yi laifi a lokaci guda ba.

Lahadin farko Malam Istifanus ya yi wa'azi a kan masu duba da annabawan ƙarya. Ta ƙofar da ke buɗe Tasalla tana hango Saude can a kan iyaka, tana dogara sanda tana zagaya ɗorawar, tana jan duwatsun iyakar da ƙafa zuwa ɓangaren Tasalla.

Ishaya ya sunkuyo, ya ce a hankali, "Kin gani? Da kin yi shiru, da yanzu muna gaba, itacen ma naki ne."

Tasalla ba ta ko dube shi ba. Ta ce, "Matsa can, Jatau, ka saurara. Da kai ake."